Tambaya da Amsa: An sallamo Malam daga asibiti, a ina za a yi jinyarsa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni biyu na ɗauko wannan karon, duka kan shanyewar ɓarin jiki, ɗaya daga mace ɗaya daga namiji. Kamar kullum na cire suna da duk abin da zai sa a gane mai shi. Na farkon yana da tsawo, na bar shi yadda ya zo sai ɗan abin da na rage.

TAMBAYA

Anti salamu alaikum, ina wuni, ya aiki ya zafi. Don Allah ki yi haƙuri da tsawon saƙon ga wallahi kaina ne ya ɗaure kuma ban da wanda za ni gaya ma. Ina zaune Mabera nan cikin Sakkwato, shekarata 41, ina koyarwa wata firamare, maigidana shekara 58, yana sai da yadi kasuwa. Wata biyu da sunka wuce ya fita zai yi alwalar asuba sai na ji buta ta faɗi, ina fitowa na iske shi zaune ƙasa baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, yana son ya yi magana ta ƙi fita. Munka kai shi asibiti anka yi hoton kai, sunka ce jijiyar jini ce ta toshe cikin ƙwaƙwalwa kuma hawan jini ne sila, don da ma yana da shi ya bar shan magani wai ya ji sauƙi. Alhamdulillahi yanzu an samu ci gaba, an yi ta gashi, yana zama da kanshi, yana tsayuwa in an riƙe shi har ya yi taku kaɗan da sanda, amma hannun bai riƙe komi har yanzu, magana kalma ɗai-ɗai, kuma ruwa na sarƙe shi wani lokaci. Likita ya ce za a sallame mu, a riƙa kawo shi gashi sau biyu a sati.

To nan rigima ta taso. Yayanshi Alhaji ya ce gida za a kai shi, ƙauyensu can bayan Gwadabawa, don Inna mahaifiyarsu na can ta tsufa kullum kuka takai, kuma gidan babba ne akwai mutane, kuma wai akwai wani mai magani da ya tada wani mutum da ya fi shi jin jiki. Babbar ɗiyarshi ta wurin uwargidana da ta rasu, Allah ya jiƙan ta, tana aure Abuja, ita kuma ta ce a kawo mata babanta can don asibitocin can sun fi. Ni kuma ina son ya dawo ɗakinshi, amma Anti ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gidan haya muke ciki da falo, bayin na tsugunno ne kuma sai an hau matakala biyu, ɗiyana huɗu babban shekara 15, ina fama da ciwon baya tun haihuwata ta ƙarshe, hutun da na ɗauka makaranta ya ƙare. Da na ɗan yi magana sai Alhaji ya ce ɗan'uwansu ne tun kafin ya zama mijina, kuma na ji ana raɗe-raɗin wai don shago nake son riƙe shi. In na riƙe shi a ce dukiya, in na sake shi a ce na guje ma jinya. Kuma Allah ya yafe mani, na gaji, wani lokaci sai in shiga bayi in yi kuka in wanke ido in fito. Mi za ni yi?

Wata 'yar'uwa daga Mabera

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Malam lafiya ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da kika ƙare da shi, gajiyar nan da kike neman gafara a kanta ba zunubi ba ce. Wata biyu kina kwana kan tabarma a asibiti, kina ɗaga namiji babba da bayan da ke miki ciwo, wane jiki ne ba zai gaji ba? Na ji daɗi ma da kika faɗa, don masu jinyar da suka fi ba ni tsoro su ne masu cewa ba komai ba komai har ranar da za a kwantar da su gado kusa da wanda suke jinya.

Na karanta saƙonki sau uku. Na ji ra'ayin Alhaji, na ji na 'yarsa, na ji naki. Ban ga inda aka tambayi Malam ba.

Ina so ki fahimci wani abu game da ciwonsa. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma ga mafi yawan mutane a wannan ɓarin na hagu ne wurin magana yake, shi ya sa wanda dama ɗinsa ta shanye sau da yawa magana ke tafiya tare da ita. Amma rasa kalma daban, rasa hankali daban. Mutum ne mai shekara 58 da ya yi rayuwarsa yana yanke shawara a gida da kasuwa, yana kwance yana jin ana jayayya a kansa kamar kayan gado, bakinsa kawai ya ƙi ba shi haɗin kai. Ki samu lokacin da ɗaki ya yi shiru, da safe bayan ya karya lokacin bai gaji ba, ki kashe rediyo, ki zauna inda yake ganin fuskarki, ki tambaye shi da gajerun tambayoyi masu amsar e ko a'a. Kana son komawa Mabera? Ki jira, kar ki ƙarasa masa. Kana son zuwa wurin Inna? Ki jira. Ki nuna masa hoton ƙofar gidanku a waya, da na gidan ƙauye, da na 'yarsa, ya nuna da hannun hagu. Masu irin wannan matsalar wani lokaci suna cewa e alhali a'a suke nufi, don haka ki sake tambayar gobe ta wata fuskar ki ga ko amsar ɗaya ce. Kuma kar ki yi ke kaɗai, ki sa Alhaji ko wani wanda ya yarda da shi ya zauna ya gani da idonsa, kar gobe a ce ke kika sa masa magana a baki.

Sai maganar gida babba akwai mutane. Wannan maganar na daɗe ina jin ta kuma na ga inda take ƙarewa. Satin farko gida cike, ana ta shigowa da fulas ɗin kunu da lemo, ana sannu Malam sannu Malam, takalma har ƙofar zaure. Sati na uku kowa ya koma gonarsa da kasuwarsa, ba don mugunta ba, kowa da abin da ya dame shi, sai ki tarar wanda ya rage a ɗakin tsohuwar uwa ce da ba ta iya ɗaga kanta ma, da yarinya 'yar shekara 12 da aka ce ta riƙa leƙawa. Na taɓa shiga irin wannan ɗakin, na yaye zanin da aka lulluɓe bawan Allah da shi, na ga ƙugunsa ta baya wurin ya yi baƙi ya buɗe, fitsari ya jiƙa katifar har ƙasa, kuma duk gidan suna son sa tsakani da Allah, ba wanda ya gaya musu cewa mutumin da ba ya iya juya kansa sai an juya shi kusan duk awa biyu, dare da rana, an duba ƙugu da duwawu da dugadugai, an bar fatar a bushe. Ƙauna ta yi yawa a ɗakin nan, hannu ne babu. Saboda haka duk wanda ya ce a kawo shi wurina, tambayar da za a yi masa cikin ladabi ita ce, ƙarfe biyun dare in Malam yana son bayi wa zai tashi? A faɗi sunansa. Wa zai yi masa wanka? A faɗi sunansa. Wa zai riƙe maganinsa ya ba shi kan lokaci? In aka ce ai akwai yara, ba a amsa ba tukuna. Kuma wannan tambayar har ke ta hau kanki ƙanwata, don da bakwai na safe kina makaranta.

Abu na biyu shi ne gashi. Sauƙin da ake samu bayan shanyewar ɓarin jiki ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko. Ana ci gaba da samu bayan nan, har shekaru ma, amma a hankali. Ku kun riga kun ci wata biyu daga ciki. Abin da masu gashi ke yi ba tausa ce kawai ba, ƙwaƙwalwa ake koya wa sabuwar hanyar aika saƙo ga hannu da ƙafa, kuma ba ta koya sai an maimaita an sake maimaitawa, kamar yadda kike sa 'yan aji ɗaya bita. Daga Mabera keke napep zai kai ku sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko duk inda aka ba ku, ku dawo kafin azahar. Daga ƙauyen da ke bayan Gwadabawa fa? A ɗauko shi a kabu-kabu zuwa bakin titi, mutumin da ɓarinsa ɗaya ba ya riƙe shi, a jira mota ta cika, a biya kujera biyu ko uku, sau biyu duk sati. Za a yi sau ɗaya, a yi sau biyu, damina ta shigo hanya ta lalace ko kuɗi su yanke, shi ke nan an daina, hannun ya lanƙwashe ya ƙage, ƙafar ta sandare.

Kuma wanda abin ya taɓa samu yana cikin haɗarin ya sake dawo masa, musamman a watannin farko. Dole a riƙa auna jininsa, dole maganin hawan jini da na hana jini daskarewa da aka rubuta masa kar su yanke ko na kwana ɗaya, an ji sauƙi ko ba a ji ba, ai kin ga abin da barin magani ya jawo. In kika ga baki ya ƙara karkacewa, ko wani sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko magana ta ƙara rikicewa, ko barcin da ba a iya tada shi, ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa a lokacin. Ki tambayi kanki da wace mota za a fito da shi daga ƙauye da tsakar dare, ga yadda mutane ke tsoron hanya da dare yanzu a wasu yankunanmu.

Sarƙewar ruwan nan da kika ambata a gurguje ita ta fi tsaya mini a rai. In haɗiya ta samu matsala, ruwa ko abinci na iya bin hanyar iska ya sauka huhu, ya zama ciwon huhu, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura bayan an sallame su. Kafin ku bar asibiti ki matsa a duba haɗiyarsa a gaya miki abin da zai iya sha da wanda ba zai iya ba. Galibi abu mai ɗan kauri irin kunu ko koko ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, amma su za su faɗa miki nasa. Kar a taɓa ba shi komai yana kwance, a zaunar da shi sosai, cokali kaɗan kaɗan, a duba kuncinsa na dama ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Ga zafin Sakkwato da kika sani, watan Afrilu ana wuce 40 a ma'auni, mutumin da ke tsoron shan ruwa don yana sarƙe shi jikinsa zai bushe ba a lura ba, in kin ga fitsari ya yi ja ya ragu to ruwa bai isa ba. Duk wanda zai riƙe Malam sai ya san wannan, kuma a yanzu ke ce kika sani.

Maganar Abuja ba zan daɗe a kanta ba. Yarinyar nan ta rasa uwa, tana tsoron rasa uba, ki tausaya mata kar ki ɗauke ta abokiyar gaba. Amma gidan miji take, kuma 'ya mace ba za ta yi wa babanta wanka da tsarki ba, ƙarshenta baƙo za a ɗauka, a garin da Malam bai da aboki ko ɗaya da zai leƙo shi bayan la'asar, ga doguwar tafiyar mota. Abin da yake buƙata yanzu, gashi da magani da awon jini, akwai shi a Sakkwato. Ki kira ta da kanki ki ce mata ga abin da babanki ke buƙata, keken guragu, kujerar bayi mai fo a ƙasa, katifa mai kyau da leda, na'urar awon jini ta gida, da albashin wanda zai taya jinya. Kuɗin da za ta kashe a can in ta turo rabinsu nan sun fi amfani, kuma ta zo ta yi sati biyu in mijinta ya bari.

Ra'ayina kenan ba ɓoye-ɓoye, in Malam bai nuna akasin haka ba, ya dawo Mabera aƙalla na wata uku ko huɗu masu zuwa. Amma ba yadda kike yanzu ba. Ke kaɗai da ciwon baya da aji da yara huɗu ba za ki iya ba, kuma ɗanki ɗan shekara 15 zai taimaka amma kar a cire shi makaranta a mai da shi mai jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗin shi ne a samo namiji mai ƙarfi da zai zauna da shi da safe har ki dawo, ya kuma kama miki wanka da kai shi gashi. Nan ne Alhaji zai shigo, tunda ya ce gidan akwai mutane, to ya turo ɗaya daga cikin samarin gidan ya zo ya zauna, a riƙa canza su duk wata in ya so. In ba a samu ba a ɗauki ɗan aiki a biya shi. Ko wane ne, ki tafi da shi wurin gashi ya ga yadda ake tada mara lafiya daga gado, don akwai kuskuren da kusan kowa ke yi, a kama hannun da ya shanye a ja. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, in ana ja sai ƙashin ya zame daga gurbinsa, ciwon da zai biyo baya na iya hana shi barci wata da watanni. Ta ƙugu ake tallafarsa, kuma in yana zaune a ɗora hannun kan filo kar a bar shi yana reto.

Gidan kuma a ɗan gyara shi. Bayin tsugunno mai matakala ba nasa ba ne yanzu, kujerar bayi a gefen gado ta wadatar, in ba a samu ta saya ba kafinta ko mai walda zai haɗa miki. Katifar ƙasa tana wahalar tashi, a samo gado wanda in ya zauna ƙafarsa za ta taka ƙasa. A naɗe darduma da tabarmin da ke zamewa daga hanyarsa, a bar fitila mai caji kusa da shi saboda ɗaukewar wuta. Gishiri da dunƙulen miya a rage sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. In kina cikin inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ki je ki tambayi abin da ta ƙunsa game da mijinki, kuma in abin ya yi nauyi ba abin kunya ba ne a kai kuka Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Yanzu yadda za ki tunkari Alhaji, don wannan ne mai wuyar. Kar ki yi jayayya da shi kan wa ya fi iko da Malam, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci kin yi asara don gobe kina buƙatarsa. Maganarsa ta yi zafi amma ɗan'uwansa ne yake gani kwance, ga uwa na kuka a kunnensa. Ki roƙi likita ko mai gashin da ke duba Malam ya zaunar da ku tare da Alhaji ranar sallama ya yi masa bayani da bakinsa, abin da zai ƙi ji daga matar ƙane zai ji daga likita. Sannan ki je da wani babba, kawunki ko limamin unguwa, ki durƙusa ki ce, Yaya ni ban isa in raba ku da ɗan'uwanku ba, alfarma nake nema a bar shi kusa da asibiti har ya gama gashin nan, in ya samu ƙafa ni da kaina zan rako shi gida ya ga Inna. Ki sa wa'adi, ki ce bayan wata uku a sake zama a duba. Mutum ya fi saurin yarda da abin da ke da wa'adi. Inna kuma a ɗauko ta ta zo ta yi kwanaki, ta zauna kusa da ɗanta ta yi masa addu'a, ganinta zai yi masa amfani ita ma hankalinta ya kwanta.

Zancen shago ki kashe shi tun yanzu. Ki ce Alhaji ya wakilta mutum ɗaya, a ƙirga kayan da ke ciki a rubuta, duk abin da aka cira don magani ko cefane a rubuta a littafi da kwanan wata, a riƙa nuna wa Malam shi ma yana gani don dukiyarsa ce kuma yana raye.

Mai maganin gargajiya kuwa, kar ki ce ƙarya ne a gaban Alhaji, ki dai tsaya kan abu huɗu. Ba za a daina maganin asibiti ba. Ba za a ɗura masa jiƙo ba, mutumin da ruwa ke sarƙewa, balle wanda aka sa wa kanwa ga mai hawan jini. Ba ƙaho ba tsaga, don yana shan maganin da ke sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Kuma ba gasa masa jiki da ruwan zafi ko garwashi, ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai ya ƙone bai sani ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kansa kuwa a yi ta yi, ba abin da suka hana. Ki kuma taimaka masa ya koma sallarsa, in alwala ta gagara a yi masa ko ya yi taimama, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Za ki ga yana kuka wani lokaci ba dalili, ko ya yi ta fushi, ko ya ƙi abinci ya juya fuska bango. Wani ɓangaren ciwon ne ke kawo shi, kuma ciwon damuwa na kama da yawa daga cikinsu, in ya wuce sati biyu a haka ki gaya wa likita don yana da magani. Abokansa na kasuwa su riƙa zuwa, a fito da shi ƙofar gida da yamma ya ga mutane.

In kuma an yi duk wannan ba a turo kowa ba, kuɗin ɗan aiki bai samu ba, to kar ki yi shiru ki ɗauka ke kaɗai don gudun magana. Ki sake tara su ki ce ga inda ƙarfina ya tsaya. Wataƙila akwai ɗan'uwa a cikin gari mai gida da samari da zai karɓe shi ke ki riƙa zuwa kullum. Ki je a duba bayan nan naki ma, kuma ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da Alhaji.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni direba ne ina zaune Runjin Sambo. Matata ce abin ya sama, ɓarin hagu, shekararta 46, an gama mata gashin kwance an sallamo mu. Mahaifiyarta da ƙannenta mata sun ce a kai ta gidansu Gidan Igwai su yi jinyarta. Ni kuma ina ganin kamar abin kunya ne a ce na kasa riƙe matata da ta yi shekara 25 tana mani hidima, mutane za su ce na mai da ta gida don ta nakasa. Amma kuma ina fita tun asuba wani lokaci in kwana hanya, yaran da ke gida duk maza ne. Ki ba ni shawara.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da wannan tunanin. Kai naka ya fi sauƙi. Gidan nasu cikin gari yake, asibiti bai yi nisa ba, kuma masu cewa a kawo ta sun faɗi sunayensu, uwa da ƙanne mata, waɗanda za su yi mata wanka da tsarki ba ta ji nauyi ba. Zuwa jinya gida kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In ita ta yarda, ka tambaye ta ku biyu ba a gaban kowa ba, to ka kai ta da kanka.

Abin da zai sa ta ji an yar da ita shi ne abin da zai biyo baya. Ci da magani da kuɗin gashi suna wuyanka kamar tana ɗakinta, kar ka jira a tambaye ka. Duk ranar da kake gari ka je, ba tsayuwa a zaure a ce tana gaishe ka ba, ka shiga ka zauna ka ba ta abinci da hannunka, ka gaya mata labarin hanya. Ranar gashi ka yi ƙoƙari kai ne mai kai ta tunda mota na hannunka. Yaran su riƙa zuwa kullum. Ɗakinta a bar shi yadda ta bar shi, ka gaya mata da bakinka cewa jinya ta zo kuma za ta koma, ku sa lokacin da za a sake dubawa. In masu ba da shawarar ƙarin aure sun fara zuwa maka, kuma za su zo, don Allah kar wannan maganar ta kai kunnenta tana kwance tana koyon tsayuwa.

Ka gaya wa surukarka abu ɗaya da ya shafi masu ɓarin hagu. Wasunsu ƙwaƙwalwa kan manta da ɓangaren hagu gaba ɗaya, sai ka ga ta ci rabin tuwon da ke dama ta bar na hagu, ko ta bugi ƙofa da kafaɗa, ko hannun ya faɗa gefen kujera ba ta lura ba, kuma wasu kan ɗauka sun fi yadda suke ƙarfi su miƙe su kaɗai su faɗi. Ba ganganci ba ne kar a yi mata faɗa. A riƙa zama ta hagunta ana mata magana don ta saba juyowa, a juya mata kwanon in ta ci rabi, kuma da dare wata ta kwana kusa da ita yadda ko motsi ta yi za a ji.